Nusret, Ka Tafi Ban Faɗa wa Amija Ba

Nusret Kazaz ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, a gidansa da ke Zenica, yana da shekara sittin da tara. Allah ne Ya ba mu shi, kuma wurinSa ya koma, inda mu ma za mu. Zuciyarsa ce ta tsaya da hantsi, yana zaune a kujera da jarida a cinya. 'Yarsa Lamija ce ta kira ni. Ina tsaye a harabar kamfani ana loda nama a mota, na saurare ta, na yi mata godiya, na kashe waya, na ci gaba da duba kwalaye har motar ta fita. Sai washegari, da na ga takardar sanarwar rasuwa mai koren gefe manne a ƙofar gidanka, Nusret, da sunanka a kanta, sannan ƙafafuna suka yarda da abin da kunnena ya ji.

Ban tabbata ni ne ya kamata in rubuta wannan ba. Akwai waɗanda suka fi ni ilimi da daɗewa tare da kai. Ni karatuna a sakandare ya tsaya, kuma rubutun da na saba shi ne wanda nake yi wa kaina kowace rana tun ina saurayi, wanda ba mai karantawa. Amma Lamija ta ce in rubuta, ga shi na rubuta.

Aikinka ba shi da suna mai daɗi a bakin mutanenmu. Kana zama da shugabannin kamfanoni, kowa shi kaɗai, a ranarsa, ka saurare shi, ka yi masa tambayoyi, ya tashi ya tafi. A garinmu Visoko dariya ake yi wa wannan. Baffana Rasim, ƙanen mahaifina, wanda muke kira Amija, shi ya raɗa maka suna mai laya. Duk ranar Alhamis in ya ga na ɗauki makullin mota sai ya ɗaga murya don direbobi su ji: "Darakta zai je wurin mai laya. A ce ya rubuto mana ta maganin sanyi."

Mahaifina da Amija ne suka kafa kamfaninmu na naman banda bayan yaƙi, da ɗaki ɗaya da itacen da suka saro da hannunsu. Da Babo, wato mahaifina, ya rasu aka ɗora ni a kujerarsa saboda ni ne babban ɗa, ba don wani ya ga na iya ba. Amija ya ci gaba da riƙe ɗakin banda, inda ran kamfanin yake. Shekara biyu ina sa hannu a takardu ina jin kamar rigar wani na ara. Wani abokin Babo ne ya ba ni lambarka, a ɓoye, kamar mai nuna wa mutum likitan ciwon da ake jin kunya.

Ka ƙi zuwa ofishina. Ka ce a can darakta za ka tarar, kai kuwa da ni kaina, Hazim, kake son magana. Don haka ni nake zuwa, matarka Munevera-hanuma ta miƙo mini silifa a bakin ƙofa, in ajiye wayata kusa da takalmana, in hau ƙaramin ɗakin nan na sama mai kujeru biyu. Ranar farko na zo da takardu cike da jaka don in nuna maka ni ma na san aiki. Ba ka buɗe su ba. Ka tambaye ni ta wace ƙofa nake shiga kamfani da safe. Na ce ta baya. Ka ce me ya sa. Na ce ta fi kusa da inda nake ajiye mota. Ka yi shiru, irin shirun nan naka da ke sa mutum ya ji ƙaryarsa da kunnensa, har na ce ƙofar gaba tana bi ta gaban ɗakin banda, inda Amija yake.

Abu na farko da ka koya mini ƙarami ne, amma shi ya sauya zamana a kujera. A taro, masu digiri na kamfaninmu suna zuba manyan kalmomi, ni ina gyaɗa kai don kada a gane ban fahimta ba, daga baya in sa hannu a kan abin da ban sani ba. Ka sa na yi ta maimaita magana ɗaya a gabanka har ta daina yi mini nauyi: ban gane ba, a sake faɗa. Ranar da na fara faɗarta a taro zufa ta jiƙa mini riga cikin sanyin Nuwamba. Ba wanda ya yi dariya. Akantanmu ta sake bayani da maganar mutane, sai na lura har mataimakinta ya sauke numfashi. Da na ba ka labari ba ka yabe ni ba. Ka ce to, mako mai zuwa kuma me za ka tambaya.

Ba ka yawan yabo, amma ba ka taɓa barin mutum ya sauka daga ɗakin nan a wulaƙance ba. Lokacin da matata Senada ta kwanta asibiti, na zo maka kaina a rikice, na fara maganar farashin shanu. Ka tsayar da ni, ka ce yau ba ranar shanu ba ce. Ka sa rigar sanyinka, ka tuƙa ni da kanka zuwa asibitin, ka zauna a benci a waje har na fito. Ba ka taɓa tada maganar daga baya ba.

Sau ɗaya kawai ka ba ni labarin kanka. Ka ce ka taɓa riƙe masana'antar fata mai ɗaruruwan ma'aikata, kuma shekaru kana shiga ana ce maka komai lafiya, darakta. Waɗanda suka ga ramin da ke gaba ba su faɗa maka ba, sai dai habaici da nuni, kai kuma ba ka tambaya ba. Ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo, wata mai ɗinki ta tsaya a gabanka ta ce kowa ya sani tun bara. Ka ce da a lokacin kana da mutum ɗaya wanda ba ya cin abinci a hannunka, ba ya tsoronka, ba ya jiran kujerarka, wataƙila da ƙofar nan ba ta rufe ba. Daga nan ka koma maganata, ba ka sake komawa taka ba.

Maganata kuwa, duk inda muka zagaya, wurin Amija take komawa. Yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ƙi zuwa likita. Ya ƙi yarda a rataya ma'aunin zafi a ɗakin, ya ce tafin hannunsa ya ishe shi. Samari uku da suka koyi aiki a ƙarƙashinsa sun gaji da zaginsa sun tafi Jamus. Saura Enes, wanda ya shekara goma a ɗakin, kuma shi kaɗai ya rage da zai iya riƙe shi. A watan Oktoba kitse ya ɗiga a garwashi, wuta ta kama naman da ke rataye, mutum biyu suna ciki, Amija yana tsaye a ƙofa bai gani ba sai da ya ji ihu. Allah Ya kiyaye, nama kawai ya ƙone. Amija ya ɗora laifin a kan Enes a gaban kowa. Bayan kwana kaɗan Enes ya same ni, ba tare da fushi ba, ya ce shi ma takardarsa ta Jamus ta fito. Zai jira zuwa ƙarshen Janairu. In an ba shi ɗakin zai zauna, in ba a ba shi ba zai tafi, kuma ba zai sake shiga wurin wuta da mutumin da ba ya ganinta ba.

Na san abin da ya kamata. Kai ma ka san na sani. Abin da ya gagare ni shi ne buɗe baki a gaban mutumin da ya sauke mahaifina cikin kabari da hannunsa.

Sai na samo dabara, na zo maka da ita ina jin daɗin kaina. Kowace safiya Amija yana shigowa ofis ya sha gahawa, kamar yadda suke yi da Babo. Kowa a ƙasar nan ya san gahawa uku ce: ta maraba, ta hira, sai ta ukun, tsararo, wadda in an zuba wa baƙo ya san lokacin neman takalminsa ya yi. Na sa aka riƙa dafa wa Amija ta ukun tun daga finjalin farko. Na ce a raina zai gane, ya janye da kansa, ba sai an yi magana ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. Mako biyu yana shanyewa har ƙasa, ya lashe baki, ya ce Allah Ya ƙara arziki. Ran nan sai ya zo da tukunyarsa daga gida, ya dafa tasa a gabana, ya zuba mini, ya ce wa direbobi, "Ku taimaka wa darakta, kamfani ya talauce, ruwan wanke finjali muke sha."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Munevera-hanuma ta leƙo. Da dariyar ta wuce, fuskarka ta koma yadda ban taɓa ganinta ba.

Ka ce, "Tun kurɓar farko ya gane. Mutumin da ya gina ɗakin nan da hannunsa ka yi wa abin da ake yi wa baƙon da ya ƙi tashi. Ka ci masa mutunci, kuma har yanzu ba ka faɗa masa komai ba."

Na ce ai don in sauƙaƙa masa ne.

"Don ka sauƙaƙa wa wa?"

Ka ce kamfanoni da yawa a ƙasar nan haka suka mutu, mutane suna zaune suna zuba wa juna gahawa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gane. Ka ce Amija ya cancanci ya ji maganar daga bakin ɗan yayansa, da kalmomi, ido cikin ido, ko da zai tsane ni a kanta.

Daga wannan rana aikinmu ya zama ɗaya: gwada yadda zan faɗa wa Amija. Kai ne Amija, ni ne ni. Ba ka taɓa ganinsa ba, daga bakina kawai ka san shi, amma in ka buɗe gwiwoyi ka dafa su ka karkata kai, sai gabana ya faɗi.

Na ce, "Amija, dama ina son mu ɗan yi magana, in kana da lokaci."

"Ba ni da shi. Wuta na jirana."

Ka ce da muryarka ta gaske, na buɗe masa ƙofa ya fice, in sake gwadawa.

"Amija, daga farkon wata Enes ne zai riƙe ɗakin banda."

"Wane Enes? Wanda ke tambayar waya ko nama ya yi? Ranar da muke haƙa harsashin ɗakin nan kana ina, darakta? Kana makaranta kana faɗuwa lissafi. Ubanka na raye za ka faɗi wannan?"

Na kasa ci gaba. Ka zuba mini ruwa, ka jira na sha. Ka ce abin da Amija zai faɗa ya fi wannan zafi, domin shi ya san inda ke yi mini ciwo, kai kuwa lalube kake yi. Ka ce ba sai na ci shi da gardama ba. In faɗa, in tsaya, kada in janye, kada in gudu. Muka yi ta yi har Disamba ya wuce. Duk Alhamis in sauko da niyyar gobe, duk Juma'a in sami dalili.

Zamanmu na ƙarshe, Munevera-hanuma ta raɗa mini a bakin ƙofa cewa kada in daɗe, ba ka jin daɗi. Na ga fuskarka ta yi fari, na ga yadda ka dafa bango kafin ka zauna, amma kaina yana kan Enes da ƙarshen wata. Na roƙe ka ka zo Visoko. Na ce ai haka ake yi, in magana ta yi wa yaro nauyi sai a samu dattijo ya shiga tsakani. Kai da Amija kusan sa'annin juna ne, zai ji maganarka.

Ka ce, "In na zo na faɗa masa, zai san kamfanin ba shi da darakta, ɗan aike yake da shi. Enes ma zai sani."

Raina ya ɓaci. Na ce da sauƙi a wurinka, tunda ba baffanka ba ne.

Ka ce, "Gaskiya ne."

Ka rako ni har bakin matakala, abin da ba ka saba ba. Ka ce sai Alhamis, kuma kana so in zo maka da labari, ko mai daɗi ko maras daɗi. Na sa takalmi ban waiwayo ba.

Da labarin rasuwarka ya isa kamfani, Amija ya tsaya a ƙofar ofis, ya cire hula, ya yi maka addu'a yadda ya kamata. Sannan ya mayar da hular ya ce, "To, yanzu wa zai riƙa rubuta maka?"

An yi jana'izarka ranar Laraba bayan azahar, ƙanƙara tana sauka a kafaɗun mutane. A sahu na ga fuskokin da na sani: mai kamfanin katako daga Kakanj, wani mai manyan motoci da muka taɓa yin rigima a kan kaya, wani matashi da ya ci gadon masana'antar takalma. Muka riƙa satar kallon juna. Ashe duk ɗakin nan na sama muke hawa, duk silifa ɗaya muke sawa, ba wanda ya san da wani. Shekara biyu ina zuwa, ba ka taɓa ambatar sunan kowa ba, ko a misali. Mai manyan motocin, ƙaton mutum, yana kuka ba ya ko share fuska. Da liman ya juyo ya tambaye mu ko mun yafe maka, na amsa tare da jama'a. Ba ni da abin da zan yafe. Ni ne nake da buƙatar a tambaye ka, kuma lokacin ya wuce.

Washegari Alhamis ce. A lokacin da na saba kama hanyar Zenica, na nufi ɗakin banda. Amija yana tsugune yana gyara garwashi, hayaƙin itacen bukva yana fita ta saman ƙofa. Na gaishe shi, na tsaya inda zai ga fuskata in ya ɗago.

Na ce, "Amija, daga farkon wata Enes ne zai riƙe ɗakin nan. Idonka ba ya ganin wuta, kuma ba zan jira sai ta ci mutum ba. Ni na yanke, ba kowa ba."

Na shirya wa zagi, Nusret. Duk abin da ka jefe ni da shi na shirya masa. Bai faɗi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da jan garwashi gefe guda, a hankali, har ya gama. Sannan ya tambaya ko uwata ta sani. Na ce a'a, shi na fara faɗa wa. Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya cire rigar aiki ya rataye ta. Ya zare igiyar makulli daga wuyansa, bai miƙo mini ba, ya ajiye a kan kututturen da ake faskare.

Ya ce, "Ba sai farkon wata ba." Ya ɗan tsaya. "Da Sallah kada ka wahalar da kanka, kai da yaranka. Ba ma gida."

Ya ratsa harabar shi kaɗai, ma'aikata suka dare masa. Da ya kai ƙaramar ƙofa ya miƙa hannu ga sakata, hannun ya sauka a kan bango. Ya yi ta shafa ƙarfen yana nema. Kowa yana gani. Ban je na buɗe masa ba, domin na san wannan ce ba zai taɓa yafe mini ba. Ya samu sakatar da kansa, ya fita.

Enes bai tafi ba. Ɗakin yana aiki, an rataya ma'aunin zafi, mutanen da ke shiga da safe suna fitowa da yamma. Uwata ta daina ɗaukar wayata, Senada ce ke kai mata cefane. 'Ya'yan Amija in sun hango ni a kasuwa sai su tsallaka titi. Matarsa ta faɗa wa Senada cewa yana tashi da asuba kamar kullum, ya sa kayan aiki, ya zauna a bakin taga har rana ta ɗaga.

Ban san ko na yi daidai ba. Na san dole ne a yi, amma ko akwai wata kalma da ta fi wadda na zaɓa, ko ya kamata in jira ya zauna, ko in fara da godiya, wannan nake juyawa kullum. Da kana nan ba za ka ba ni amsa ba, za ka tambaye ni ni me na gani, kuma kafin in sauko matakala da na san abin da zan yi gobe. Mai riƙe da kamfani mutane ne kewaye da shi daga safe zuwa yamma, amma kowa yana da abin da yake so daga amsarsa. Kai kaɗai ne ba ka so komai daga tawa, sai dai ta zama tawa. Wanda bai taɓa zama a wannan kujera ba zai ci gaba da kiran ka mai laya, kuma ba ni da bakin da zan gamsar da shi.

Ya Allah, bawanKa Nusret ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya shi cikin waɗanda Ka yarda da su. Ya rufa asirin mutane a duniya, Ka rufa nasa a ranar da asirai ke tonuwa. Ka sa abin da ya shuka a ɗakin nan ya zama sadaka mai gudana a gare shi, har da albashin kowane ma'aikacin da bai san sunansa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Munevera-hanuma, wadda ta buɗe mana ƙofar gidanta shekara da shekaru ba ta taɓa tambayar me ya kawo mu ba, da Lamija da mijinta da 'ya'yansu, da 'yan'uwansa na Zenica da na nesa. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Ina yi wa waɗanda muka tsaya sahu ɗaya ranar Laraba ta'aziyya, ko da ba za mu taɓa yin maganar da juna ba.

Kuma ina roƙon wanda ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu don Nusret, ya haɗa da wani tsoho a Visoko mai suna Rasim. Allah Ya sanyaya masa zuciya, ko da ba a kaina ba.

Hazim, Visoko